Ajin Madam Zalia Ya Yi Shiru

A Maamobi ba a shiga aji a duba malami, wa ke da wannan lokacin? Daga waje ake auna shi, da kunne. Mace ta ɗauko tirenta za ta kasuwar Nima, ta bi ta lungun bayan makaranta, in ta ji bango na amsawa da muryoyin yara sai ta gyaɗa kai ta ce nan kam ana karatu. In ta ji shiru, to malamin ko barci yake ko yana latsa waya. Haka iyaye suka taso suka gani a makarantar allo, kuma ba su ga dalilin da zai sa boko ta zo musu da wani sabon salo ba.

A wannan ma'auni babu wanda ya kama ƙafar Madam Zalia. Shekara ashirin da shida tana riƙe da aji huɗu a makarantar da 'yan unguwa ke kira sukuun Masta Jibirilu, ko da yake ta riga Masta Jibirilun, shugaban makarantar, zuwa da shekara goma sha ɗaya. Tana da wata sanda da tun da hukuma ta hana dukan yara ta koma ta buga tebur. Sai ta karanta layi ɗaya na Turanci, ta buga, bakuna sittin da huɗu su dawo mata da shi. Ta sake, su sake, har layin ya zauna, sannan a matsa gaba. Telan da shagonsa ke jingine da bangon ajin bai taɓa zama a benci ba, amma ya haddace labarin masunci da jirginsa da ke cikin littafin aji huɗu, yakan ma bi su da shi yana taka keke.

Ta gaji, wannan ba sai an faɗa ba. Gwiwoyinta sun daina yarda da matakala, maƙogwaronta kuwa sai da citta da kanumfari yake buɗewa da safe. Wata huɗu ya rage mata ta ajiye aiki, kuma kwanakin nan ƙirga su take yi. An sha kiran malamai bita, yara sabbin jini da ba su kai sa'an 'yarta ba su haska hoto a bango, su ce a raba ɗalibai biyar-biyar, a bar su su gano abu da kansu, malami ya rage magana. Ita dai takan tuna ajinta, inda yara uku ke matse a bencin mutum biyu, inda in ka ce a juya benci sai an fitar da rabin ajin waje. Sai ta sa hannu a takarda, ta ci jalof ɗin da aka raba, ta koma wa sandarta. A littafin tsara darasi takan rubuta musu duk abin da suke son gani, a aji kuma ta yi abin da ta sani.

Ana cikin haka takardar gasar karatu ta iso. Makarantu goma sha biyu na yankin za su haɗu nan da mako uku, kowace ta kawo ɗalibi ɗaya ɗan aji huɗu, a buɗe masa littafin zangon a ce ya karanta a gaban jama'a. Sau shida ajin Madam Zalia na cinye wannan gasa. Masta Jibirilu ya ce na bakwai shi ne rakiyar da makaranta za ta yi mata, har ya fara maganar hayar rumfa da kujeru ranar sallamarta. Wadda za a tura kuwa ba a tsaya shawara ba, kowa ya san Hamdia ce.

Hamdia 'yar shekara goma ce, 'yar firit, amma in ta buɗe baki sai ka waiga ka nemi inda babbar take. A bencin gaba take zama, ita ke jan ajin. Uwarta Luba ce, mai sayar da wake da shinkafa a mahaɗar hanyar Kotobabi, kuma Lubar nan ita ce yarinyar da ta fara ciyo wa Madam Zalia gasar shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Da kanta ta riƙo hannun 'yar ta kawo, ta ce ba ta yarda a sa ta a hannun kowa ba in ta kai aji huɗu. Kowace Juma'a kuma sai ta aiko wa Madam ƙunshin wake da shinkafa a ganye, da ƙwai da taliya da yajin kifi, ba ta taɓa fashi ba.

Ranar Lahadi aka yi ruwa mai yawa, rufin ajin da aka daɗe ana cewa za a gyara ya zuba a kan kabad ɗin littattafai. Litinin da aka tashi tara, Madam Zalia ta riƙe Hamdia don su yi gwaji. Littafin da yarinyar ta saba riƙewa ya jiƙe sharkaf, sai ta zaro mata wani daga ƙasa ba tare da ta duba ba. Kujerarta ma ta sha ruwa, shi ya sa ba ta zauna a gaba kamar kullum ba, ta tsaya a bayan yarinyar tana dafe da benci.

Hamdia ta fara labarin masunci. Murya tar, tana tsayawa inda ake tsayawa, tana ɗaga sauti inda ake tambaya, ɗan yatsanta na bin layi. Ta gama shafin hagu, ta tsallaka na dama, ta ci gaba ba ko tuntuɓe. Madam Zalia na lumshe ido tana jin daɗi, sai idonta ya faɗa kan lambar shafi. Na hagu talatin, na dama talatin da uku. Wani ya yage ganyen tsakiya, wataƙila an ƙunshe gyaɗa da shi tun bara. Yatsan Hamdia na tafiya a kan wani darasi dabam, na sassan jikin mutum, bakinta kuwa yana can teku da masunci yana jan koma. Da ta kai inda aka saba juya shafi ta lashi yatsa ta juya.

Madam Zalia ta bar ta har ta kai aya. Sannan ta ja ƙafa zuwa allo, ta rubuta kalma ɗaya, ta Turancin jirgi, wadda yarinyar ta faɗa ya fi sau goma yanzun nan. Ta ce ta karanta. Hamdia ta dubi allon kaɗan, sai ta dawo da idonta kan bakin Madam ta tsaya tana jira.

"Madam, ki biya mini farkon, zan ƙarasa," in ji ta.

Ba rashin kunya ba ne, ba tsoro ba ne. Iyakar abin da ta sani ke nan game da karatu: a ja maka baki, ka ƙarasa. Madam Zalia ta goge, ta rubuta wata kalmar, ta sake wata. Ta nuna haruffa ɗaya-ɗaya. Yarinyar ta iya rera su daga farko har ƙarshe, amma in aka tsinko ɗaya daga tsakiya sai ta koma farko tana ƙirgawa a ranta. Kowane shafi da hotonsa take gane shi, inda babu hoto kuma da tsawon numfashi. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka dawo da gudu, Madam ta ce ta je ta zauna, ta yi ƙoƙari.

Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta yi mamaki yadda ya kamata ba. Ta so a ce abin ya faɗo mata daga sama, amma ina. Ta daɗe da sani, irin sanin da mutum ke yi wa haƙorin da ke girgiɗi, ya riƙa tauna ta ɗaya gefen. Ta sha ganin yaro ya cika takardar jarrabawa da abin da ya kwafa a allo, tambaya da amsa duka. Ta sha gamuwa da tsofaffin ɗalibanta a tasha suna miƙa wa wani waya ya duba musu saƙo. Kullum takan ce wa kanta ai waɗannan na bayan aji ne, kowane aji da nasa. Yau ga ta gaban aji, zakarar da za ta kai gasa.

Bayan an tashi ta hau matakalar ofishin Masta, tana hutawa a kowace ta uku. Ya saurare ta yana danna goshi. Masta Jibirilu ba mugu ba ne, shi ma gajiyayye ne, yana da rufi mai yoyo da malamai biyu da suka tafi ba a maye gurbinsu ba. Ya tambaya ko masu gasar sun canza littafi. Ta ce a'a. Ya tambaya ko littafin da za su miƙa wa yarinyar zai zo da yagaggen shafi. Ta ce ba ta zato.

"To, Madam, a bar kaza cikin gashinta. Yarinyan nan ya iya paa, sosai ma, kowa ya ji shi. In ya je aji biyar sai ya kama sauran. Ke wata huɗu ya rage miki, don me za ki tone kanki da hannunki?"

Ta san malamin aji biyar zai ɗauka an gama wannan aiki a aji huɗu, kamar yadda ita ma ta ɗauka an gama shi a aji uku. Amma ba ta yi musu ba. Ba ta da ƙarfin musu, ga kuma gaskiya ɗaya a maganarsa: ba sai ta yi ƙarya ba, ba sai ta saci komai ba. Shiru kawai za ta yi, yarinya ta je ta rera, a tafa, a ba ta kyauta, ita kuma ta tafi gida da sunanta cif yadda ta gina shi.

Ta yi shirun har kwana huɗu. Ta buga sanda, aji ya amsa, tela ya taka keke. Sai dai yanzu in ta dubi yaran ba littafi take gani a gabansu ba, idanu take gani sittin da huɗu sau biyu, duk a kan bakinta. Ran Juma'a ƙunshin Luba ya iso da ɗuminsa. Ta buɗe, ƙamshin ganyen ya bugo ta, ta kasa kai loma. Ta rufe ta ba mai gadi, wanda ya dube ta ya tambaya ko lafiya.

Asabar da hantsi ya dubi ludayi ta sa mayafi ta kama hanya. Da ƙafa ta tafi, don babu trotro, motar haya, da ke shiga waɗannan lunguna. Ta tsallaka gota, babbar kwatar unguwa, a kan katako, ta ratsa masu wanki da masu suyar doya, ana ta gaishe ta, wannan ya ce Madam kin gane ni, wancan ya ce ni ma ɗanki ne. Da can wannan gaisuwa ita ce albashinta na gaske. Yau kowane ɗaya ya gaishe ta sai ta ji tana son tsayar da shi ta nuna masa allon wani shago ta ce karanta mini.

Ta sami Luba a tsakar gidan haya ta gama cinikin safe, tana durƙushe tana kankare babbar tukunya. Luba ta miƙe da rawar jiki, ta goge hannu a zani, ta jawo kujera, ta aika a sayo ruwan sanyi. Kafin Madam ta gama amsa gaisuwa har ta shiga ɗaki ta fito da sabon farin hijabi da safa da ta saya wa Hamdia saboda ranar gasa. Ta ce ta riga ta gaya wa masu sayen abincinta ranar ba za ta fito ba.

Madam Zalia ta sha ruwan, ta tambayi ina Hamdia, aka ce tana makarantar allo sai azahar. Sai ta faɗa mata. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta san in ta fara kewaye ba za ta iso ba. Ta ba ta labarin shafin da ya yage da kalmar da ta rubuta a allo. Ta ce yarinyar tana da kai, kai mai kyau ma, amma ba ta iya karatu ba.

Ta shirya wa kuka, ta shirya wa faɗa, har ta shirya wa a ce mata tsufa ne ya fara taɓa ta. Luba ba ta yi ko ɗaya ba. Ta naɗe hijabin a hankali, ta shiga ɗaki, aka ji tana jan akwati. Ta fito da wani abu a ƙunshe cikin tsohon ɗankwali, ta warware a kan cinyar Madam. Ƙamus ne, kyautar gasar da ta ci, bangonsa ja, sabo fil kamar jiya aka saye shi, gefen takardunsa kawai ya yi ruwan ƙasa. A shafin farko ga rubutun Madam Zalia na lokacin da hannunta bai fara rawa ba.

Sai Luba ta tsaya a gabanta, ta haɗa ƙafafu, ta sa hannu a baya, ta fara. Darasin da ta ci gasa da shi ne, na tsohon littafin da aka daina amfani da shi tun tuni. Tana zubo shi da Turanci, layi bayan layi, da irin tsayawar Madam da irin jan sautinta, mace mai 'ya'ya uku da baƙin tukunya a hannu. Wata maƙwabciya da ke shanya ta tsaya da tsumma a hannu tana kallo. Luba ta kai ƙarshe, sannan ta durƙusa har ƙasa, ta rage murya yadda maƙwabciyar ba za ta ji ba.

"Madam, ki yafe mini. Na cuce ki. Ranar nan ban karanta komai ba, ko harafi ɗaya koraa. Duk ajin suna karatu, ni kaɗai nake bin bakinki. Kika ɗauke ni kika kai ni gaban mutane, na karɓi littafin nan, ba nawa ba ne. Shekara ashirin ina so in gaya miki, kunya ya hana ni."

Ta ce shi ya sa ta bar makaranta a aji shida, da aka fara ba su abin da ba a rerawa. Ta ce har yau katin asibiti sai ta nemi mai duba mata, saƙon waya sai na murya, in aka ba ta takarda a taron iyaye sai ta ce ta manta tabarau, ita da ba ta taɓa sa tabarau ba. Ta ce ta kawo Hamdia wurin Madam ne don ta san hannun Madam ba ya kuskure, ita Luba ce kanta ya yi tauri. Da ta ji 'yar na rera Turanci a tsakar gida sai ta gode wa Allah ta ce wannan ba ta gado ta ba.

"Ashe jinina ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ma ya koyi cutar mutane kamar uwarsa."

A nan ne abin ya kai wa Madam Zalia har ƙashi. Duk ƙunshin Juma'ar nan da ta yi shekaru tana ci tana cewa albarkar koyarwa ce, ashe kaffara ce matar nan ke yi. Ta sa yarinya 'yar shekara goma ta bi bakinta, ta tafa mata a kan haka, ta ba ta kyauta a kan haka, sannan ta bar ta ta girma tana ganin kanta ɓarauniya. Ga shi kuma an kawo mata hanyar fita a faranti: in ta ce na yafe miki, shi ke nan, Luba za ta tashi da godiya, sunan Madam ya tsira har abada. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji tsoron yadda bakinta ya kusa faɗin hakan.

Ta kama hannun Luba ta ce ta tashi, gwiwoyinta ba za su bar ta ta durƙusa ta same ta a ƙasa ba.

"Luba, ba jininki ba ne. Ba ki cuce ni ba, 'yata. Abin da na koya miki shi kika yi, kuma kin fi kowa iya shi. Ba ke kaɗai ba ce a ajin nan, ina jin kun fi rabi. Ni ce ban koya muku karatu ba."

Luba ta daɗe tana kallonta. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba komai ba. A fuskarta Madam ta ga wani abu na sauka, wani kuma na tasowa, wanda bai yi kama da godiya ba, kuma ta san ta cancanci hakan. Can Madam ta ce maganar gasa tana hannun Luba. In ta ce yarinyar ta je, za ta je, kuma da wuya wani ya kayar da ita.

Luba ta ɗauki ƙamus ɗin daga cinyarta ta mayar cikin ɗankwali ta ƙulle.

"Guda ɗaya ya ishe mu a gidan nan, Madam. Ba mu da wurin ajiye na biyu."

Litinin Madam Zalia ta bar sandar a bayan ƙofa. Ta ba ajin aikin kwafa, ta ja kujera bakin taga, ta riƙa kiransu ɗaya-ɗaya tana nuna musu layin da ba su taɓa ji ba. Kwana uku abin ya ci. Cikin sittin da huɗu, goma sha uku ne suka iya. Kusan dukansu 'yan baya ne, waɗanda ta yi shekara tana yi wa tsawa don suna jan ƙafa suna ɓata mata amshi. Ashe tsayawa suke su duba abin da ke rubuce. Wadda ta fi su ita ce Nadia, wata mai sanyin murya da Madam ta taɓa rubuta wa a katin sakamako cewa ba ta mai da hankali.

Masta Jibirilu ya ji an canza sunan wadda za a tura gasa, ya sauko da kansa. Bai yi faɗa ba, ya dai tsaya a ƙofa ya ce ita ta sani, sannan ya daina maganar rumfa da kujeru. Nadia ta je gasa, ta karanta a hankali tana tsayawa tana gyara kanta, ta zo ta tara. Hamdia ta yi kwana biyu ba ta zo makaranta ba. A na uku uwarta ta rako ta har bakin ƙofa da ido a kumbure, ta juya ba ta shigo ta gaida kowa ba. Ƙunshin Juma'a bai sake zuwa ba.

Kada wani ya zaci daga nan komai ya gyaru. Madam ta sa yara suka tsinto marafan kwalba, ta rubuta harafi a cikin kowane, ta raba ajin gida goma sha uku, kowane gida da mai karatu ɗaya, wasu a ciki wasu a baranda. Abin nan dai da aka yi ta faɗa a bita tana cin jalof. Ya kuwa zo da duk wahalar da ta hango. Aka yi faɗa a kan marafai, aka mai da su ƙwallo, wasu suka yi barci, wasu suka ƙi yarda ɗan bayan aji ya koya musu. Yaran sun fi son rerawar da suka saba, don ita ba ta tona asirin kowa. Takan koma gida ƙafa a kumbure fiye da da, ta zauna a bakin gado ta lissafa makonnin da suka rage da yaran da suka rage, lissafin ba ya haɗuwa. Iyaye biyu suka cire 'ya'yansu suka kai wata makaranta a Nima, inda aka ce ana jin karatunsu tun daga bakin titi.

Wata Laraba, saura mako bakwai ta tafi, ta kira Hamdia gaban tebur. Yarinyar ta daina jan aji, ta daina ɗaga kai, tana zama a rukunin Nadia tana juya marafai. Madam ta zaɓo marafai huɗu ta jera mata. Hamdia ta ɗago ido zuwa bakin Madam kamar yadda ta saba. Madam ta sa gefen mayafi ta rufe bakin, ta nuna teburin da yatsa.

Suka daɗe a haka. Yarinyar ta taɓa na farko, leɓenta ya motsa. Ta taɓa na biyu, ta haɗa su da wata 'yar murya da ba ta kai bencin gaba ba, ta ce, "Lu." Ta tsaya, ta koma farko, ta rasa na uku, ta ƙirga a ranta, ta samo shi. Gumi ya tsatso mata a hanci.

Ta taga kuwa ana jin keken tela ya tsaya. Wata mata mai wucewa ta gaishe shi, ta tambaya ko an ba 'yan aji huɗu hutu ne. Ya ce suna nan ciki, haka suke yanzu tun watan jiya. Matar ta ce Allah sarki, Madam Zalia ta tsufa, ajinta ya mutu, da can daga gota ake jin su. Tela ya ce ai jiki da jini, kowa da ranarsa.

Madam Zalia ta ji su sarai. Sandar na nan a bayan ƙofa, taku uku. Bugu ɗaya za ta yi bango ya amsa, matar nan ta tafi kasuwa da wani labari dabam. Ba ta sauke mayafin daga bakinta ba.

"Lu... ba," in ji Hamdia. Ta sake dubawa. "Luba." Sai ta waiga da sauri ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa, ta dawo da ido kan marafan. "Madam, sunan Mmana ne a nan?"

Madam ta gyaɗa kai. Ta tattara marafan huɗu ta zuba mata a tafin hannu, ta ce ta kai gida ta nuna wa uwarta yadda ake jera su, gobe ta dawo da su don ba su da yawa. Sannan ta duba takardar sunaye, ta kira na gaba.